Dalilin Da Ya Sa Kasuwar Takardun Lamuni Ke Jan Hankalin Masu Manyan Jari Fiye Da Ta Hannayen Jari

A kowace ranar aiki, kafofin watsa labarai kan kawo rahoton yadda ta kaya a kasuwar hannayen jari ta Legas, da kamfanonin da farashinsu ya hau da waɗanda nasu ya sauka. Wannan ya sa jama'a da dama ke zaton a can ne manyan kuɗin ƙasar nan suke. Amma idan aka duba littattafan bankuna da kamfanonin inshora da na masu kula da kuɗin fansho, za a tarar cewa kaso mafi tsoka na dukiyar da suke juyawa yana wata kasuwa dabam wadda ba a cika jin ɗuriyarta ba, wato kasuwar takardun lamuni, inda gwamnatoci da kamfanoni ke karɓar rance daga hannun jama'a.

Alƙaluman Hukumar Fansho ta Ƙasa sun nuna cewa a ƙarshen shekarar 2024 kuɗin fanshon ma'aikatan Nijeriya ya zarce Naira tiriliyan 22. Fiye da kashi 60 cikin 100 na wannan dukiya an zuba shi ne a takardun lamuni na Gwamnatin Tarayya, yayin da hannayen jarin kamfanonin cikin gida suka sami kimanin kashi 10 kacal. Haka abin yake a duniya baki ɗaya. A shekarar 2023 an ƙiyasta darajar takardun bashi da ke hannun jama'a a duniya da kimanin Dala tiriliyan 140, ta hannayen jari kuwa kimanin Dala tiriliyan 115.

Mai bin bashi da mai tarayya

Asalin bambancin kasuwannin biyu ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya san ciniki a Kantin Kwari ko Dawanau. Attajiri na iya ba yaronsa kaya bashi, a rubuta adadi da ranar biya. Yana kuma iya zuba kuɗi su yi tarayya, a raba riba idan an samu, a raba hasara idan ta zo. Mai sayen hannun jari shi ne na biyun: ya zama ɗaya daga cikin masu kamfani, ba wanda ya yi masa alkawarin ko sisi, kuma sai shugabannin kamfanin sun ga dama za a raba ribar ƙarshen shekara. Mai sayen takardar lamuni kuwa shi ne na farkon. Tun ranar da ya saya ya san nawa za a riƙa biyansa, da ranakun biyan, da ranar da uwar kuɗinsa za ta dawo.

A Nijeriya waɗannan takardu iri-iri ne. Akwai takardun baitulmali na gajeren wa'adi, masu kwana 91 ko 182 ko 364, waɗanda Babban Bankin Nijeriya ke sayarwa a madadin gwamnati. Akwai takardun lamuni masu dogon wa'adi, waɗanda Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa ke yin gwanjonsu wata-wata, ana biyan kuɗin ruwansu sau biyu a shekara, wasunsu kuma wa'adinsu ya kai shekara 30. Akwai kuma na gwamnatocin jihohi da na manyan kamfanoni.

Wani muhimmin bambanci yana bayyana ne ranar da kamfani ya durƙushe. Doka ta tanadi cewa sai an sallami masu bin bashi tukuna kafin masu hannun jari su sami abin da ya rage, idan ma wani abu ya rage. Wannan tsari ya yi kama da abin da aka sani wajen rabon gado, inda ake fara fitar da bashin mamaci kafin magada su karɓi nasu. Saboda haka ne mai kula da kuɗin fansho, wanda ya san ranar da dubban ma'aikata za su yi ritaya su zo neman haƙƙinsu, ya fi samun natsuwa da takardar da ke ɗauke da rana da adadi. Ƙwai a baka, in ji Hausawa, ya fi kaza a akurki. Bugu da ƙari, ƙa'idojin hukumar fansho su ma sun iyakance yawan abin da za a iya zubawa a hannayen jari.

Kasuwar da ta girmi ƙasa

A tarihin ƙasar nan, kasuwar bashi ce ta riga zuwa. A shekarar 1946 gwamnatin mulkin mallaka ta fitar da takardun rance na Fam 300,000 domin ayyukan raya ƙasa. Babban Banki ya fara aiki a 1959, ya kuma soma sayar da takardun baitulmali a 1960. Kasuwar hannayen jari ta Legas ta buɗe ciniki a 1961 da takardu 19, daga baya ta buɗe rassa a Kaduna a 1978 da Kano a 1989.

Gwamnati ta daina fitar da takardun lamuni masu dogon wa'adi bayan shekarar 1986, ta koma dogaro da rancen gajeren lokaci da na ƙasashen waje. Sai a 2003, shekara uku bayan kafa Ofishin Kula da Basussuka, aka farfaɗo da su. Abubuwa biyu suka taimaka wa kasuwar ta tsaya da ƙafafunta. Na farko shi ne dokar sake fasalin fansho ta 2004, wadda ta samar da masu saye na dindindin. Na biyu shi ne yarjejeniyar 2005 da ƙasashe masu bin bashi na ƙungiyar Paris, wadda aka cimma lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala ke ministar kuɗi, inda aka yafe wa Nijeriya kimanin Dala miliyan dubu 18, ita kuma ta biya kimanin Dala miliyan dubu 12. Wannan ya wanke sunan ƙasar a idon masu ba da rance, har ta iya sayar da takardun lamuninta na farko a kasuwar duniya cikin watan Janairu na 2011, na Dala miliyan 500, a kan kuɗin ruwa kashi 6.75 cikin 100.

Darasin shekarar 2008

Ba za a fahimci halayyar masu jari na ƙasar nan ba sai an waiwayi abin da ya auku a 2008. Bayan da Babban Banki a ƙarƙashin Farfesa Charles Soludo ya umarci bankuna a 2004 su ɗaga jarinsu daga Naira miliyan dubu 2 zuwa miliyan dubu 25, bankuna sun bazama sayar da hannun jari ga jama'a, adadinsu kuma ya ragu daga 89 zuwa 25. Ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan fansho sun yi rububin saye. Wasu sun sayar da filaye, wasu kuma bankunan ne da kansu suka ba su rance domin su sayi hannayen jarin.

A farkon watan Maris na 2008 ma'aunin farashin kasuwar ya haura maki 66,000, darajarta kuma ta wuce Naira tiriliyan 12. Bayan shekara guda ma'aunin ya faɗo zuwa wajen maki 20,000, wato kusan kashi 70 cikin 100 na dukiyar ya salwanta. A watan Agusta na 2009 sabon Gwamnan Babban Banki, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, aka kuma zuba musu Naira miliyan dubu 420 domin kada su rushe. A watan Agusta na 2011 aka karɓe lasisin bankunan Afribank da Bank PHB da Spring Bank, aka miƙa kadarorinsu ga sababbin bankuna. Masu ajiya ba su rasa kuɗinsu ba, amma masu hannun jari sun tashi a tutar babu.

A duk tsawon wannan lokaci, masu riƙe da takardun lamunin Gwamnatin Tarayya sun ci gaba da karɓar kuɗinsu a ranakun da aka ajiye. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Dubban ƙananan masu jari sun juya wa kasuwar hannayen jari baya, kuma sai a 2023, bayan shekara 15, ma'aunin ya sake kaiwa inda yake a Maris na 2008.

Sukuk ya buɗe ƙofa

Shekaru da dama akwai wani babban rukuni na masu dukiya da ba ya kusantar takardun lamuni ko kaɗan, saboda kuɗin ruwa riba ce da addinin Musulunci ya haramta. Zuwan takardun Sukuk ne ya sauya wannan. Jihar Osun ce ta fara a 2013 da Naira miliyan dubu 11 da miliyan 400 domin gina makarantu. Gwamnatin Tarayya ta biyo baya a watan Satumba na 2017 da Naira miliyan dubu 100, na wa'adin shekara bakwai.

Tsarin Sukuk na gwamnati ya ginu ne a kan ijara, wato haya. Ana tara kuɗin jama'a a gina hanyoyi, masu takardun su zama suna da rabo a kadarar, gwamnati ta riƙa biyansu kuɗin haya sau biyu a shekara, a ƙarshen wa'adi kuma ta sayi rabonsu ta mayar musu da uwar kuɗinsu. Majalisar masana da ke ba Babban Banki shawara kan harkokin kuɗi marasa ruwa ce ke tantance tsarin. An raba kuɗin 2017 daidai wa daida tsakanin shiyyoyi shida na ƙasa domin ayyukan hanyoyi 25, ciki har da sassan hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta Abuja zuwa Lokoja da ta Enugu zuwa Fatakwal. Kuɗin hayar ya kasance kashi 16.47 cikin 100 a shekara, kuma da Naira 10,000 mutum na iya shiga.

Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz wanda ya fara aiki a 2012, sun sami inda za su ajiye rarar kuɗinsu. Karɓuwar tsarin ta fito fili a watan Mayu na 2025, lokacin da gwamnati ta nemi Naira miliyan dubu 300, masu son saye kuma suka gabatar da tayin fiye da Naira tiriliyan 2. Kazalika tun watan Maris na 2017 aka ɓullo da takardun tanadi na masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda ake iya saye daga Naira 5,000, ana biyan amfaninsu duk bayan wata uku.

Su ma manyan kamfanoni sun gano amfanin kasuwar. A 2020 kamfanin siminti na Dangote ya karɓi rancen Naira miliyan dubu 100 ta hanyar takardun lamuni na shekara biyar, a 2021 kuma kamfanin MTN na Nijeriya ya karɓi miliyan dubu 110 na shekara bakwai. Ta wannan hanya kamfani kan sami kuɗi mai dogon wa'adi ba tare da masu shi sun rage rabonsu ko sun shigo da sababbin abokan tarayya ba.

Inda ake yanke farashin kuɗi

Akwai dalili na biyu da ya sa masana ke sa ido a kan wannan kasuwa, kuma ya shafi har ɗan kasuwar da bai taɓa sayen takarda ko ɗaya ba. A nan ne ake yanke farashin kuɗi. Idan gwamnati, wadda ita ce mai buga Naira, tana biyan kashi 20 cikin 100 a kan rancen shekara guda, babu manajan bankin da zai ba mai masana'anta a Sharaɗa ko mai shigo da kaya a Alaba rance a ƙasa da haka. Zai ɗora kuɗin hatsari da na ɗawainiya a kai. Abin da ya faru ke nan a 2024, lokacin da Babban Banki a ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya ɗaga kuɗin ruwansa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 domin yaƙi da hauhawar farashi. Amfanin takardun baitulmali na shekara guda ya haura kashi 20, rancen banki kuma ga 'yan kasuwa da yawa ya kai kashi 30.

Wannan na nufin duk lokacin da gwamnati ta yawaita cin bashi a cikin gida, tana gasa ne da masu masana'antu a kan kuɗi guda, kuma banki ya fi son mai biya ba tare da ja-in-ja ba. A ƙarshen 2024 jimillar bashin da ake bin Nijeriya, na gida da na waje, ya kai kimanin Naira tiriliyan 144.

Har ila yau, kasuwar kan zama alƙali a kan manufofin gwamnati. A watan Satumba na 2022 gwamnatin Firayim Minista Liz Truss ta Birtaniya ta ba da sanarwar rage haraji na Fam miliyan dubu 45 ba tare da bayyana yadda za a cike giɓin ba. Masu riƙe da takardun lamunin ƙasar suka shiga sayarwa, farashinsu ya faɗi warwas, har sai da Babban Bankin Ingila ya shiga saye domin ceto asusun 'yan fansho. Kafin ƙarshen watan Oktoba ta sauka daga mulki. A nan gida, bankin JP Morgan na Amurka ya sanya takardun Nijeriya cikin ma'auninsa na ƙasashe masu tasowa a 2012, abin da ya jawo masu jari daga waje, sa'an nan ya cire su a 2015 saboda wahalar samun kuɗin musaya.

Hatsarin da ba a rubuta a takarda ba

Duk da haka, takardar lamuni ba ta rasa nata hatsarin. Na farko shi ne faɗuwar farashi kafin cikar wa'adi. Alal misali, mutum ya sayi takardar Naira 100,000 mai biyan Naira 10,000 a shekara. Idan bayan haka gwamnati ta fitar da sabuwa mai biyan Naira 20,000 a kan adadi guda, ba wanda zai sayi tsohuwar sai an karya masa farashi, kuma gwargwadon tsawon wa'adin da ya rage gwargwadon karyewar. Wanda zai iya jira har ƙarshe zai karɓi kuɗinsa cif, amma wanda buƙata ta tilasta wa sayarwa zai yi hasara. Irin wannan ne ya kayar da bankin Silicon Valley na Amurka a watan Maris na 2023, bayan da ya sayar da takardunsa a faɗuwa, masu ajiya kuma suka yi masa ca.

Na biyu shi ne gazawar mai cin bashin. Ƙasar Zambiya ta kasa biyan masu takardunta na waje a 2020. A watan Disamba na 2022 Ghana ta dakatar da biyan yawancin basussukanta na waje, ta kuma nemi masu riƙe da takardun lamuninta na cikin gida su musanya su da sababbi masu ƙarancin amfani da dogon wa'adi. Bankuna da ɗaiɗaikun mutane sun ji jiki, wasu tsofaffi ma sun yi ta zaman dirshan a ma'aikatar kuɗi da ke Akara.

Na uku, wanda ya fi shafar Nijeriya, shi ne hauhawar farashi. Takardar lamuni tana alkawarin adadin Naira ne, ba ta alkawarin abin da Nairar za ta saya. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Wanda ya zuba Naira miliyan ɗaya a kan kashi 20 ya karɓi Naira 1,200,000 bayan shekara, alhali kayan da miliyan ɗayansa ke saye a da sun koma kimanin Naira 1,348,000. Haka kuma wanda ya sayi Sukuk na miliyan ɗaya a 2017 ya riƙa karɓar Naira 164,700 kowace shekara, aka kuma mayar masa da uwar kuɗinsa a watan Satumba na 2024 kamar yadda aka yi alkawari. Sai dai miliyan ɗayan da ta kai kusan Dala 2,800 a lokacin saye, ba ta kai Dala 700 ba a lokacin biya. Ga mai shigo da kaya daga Cana ko Dubai, wannan giɓi ba ƙarami ba ne.

A irin waɗannan lokuta hannayen jari kan yi zarra, domin kamfani na iya ƙara farashin kayansa, mai takardar lamuni kuwa ba ya iya ƙara komai. A ƙarshen 2020 amfanin takardun baitulmali ya faɗo ƙasa da kashi 1 cikin 100 yayin da hauhawar farashi ta haura kashi 15. Kuɗi suka kwarara zuwa hannayen jari, ma'aunin kasuwar ya tashi da kashi 50 a shekarar. Ya ƙara tashi da kusan kashi 46 a 2023 da fiye da kashi 37 a 2024, shekarar da ya haye maki 100,000 a karo na farko.

Abin lura ga ɗan kasuwa

Daga wannan tarihi, masu kula da dukiyar jama'a kan auna abubuwa uku kafin su sayi kowace takarda: wane ne mai cin bashin kuma daga ina zai biya, yaushe mai kuɗin zai buƙaci kuɗinsa, sa'an nan me zai rage na amfanin bayan an cire hauhawar farashi. Ɗan kasuwar da ke da kuɗin da zai sayi hatsi da su a kaka mai zuwa, takardar kwana 91 ko 182 ta fi dacewa da shi bisa ga ta shekara 20. Wanda yake tanadin kuɗin karatun 'ya'ya ko gyaran masana'anta a wata sananniyar rana, zai iya daidaita wa'adin takardar da ranar. Wanda kuwa yake ajiyar shekaru masu yawa, zuba komai a takardun Naira na iya cinye masa darajar dukiya sannu a hankali ba tare da an saɓa masa alkawari ko sau ɗaya ba.

Ana sayen takardun ne ta hannun bankuna da dillalan da Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari ta yi wa rajista, kuma wajibi ne mai saye ya tabbatar da rajistar dillali kafin ya miƙa kuɗinsa. Ofishin Kula da Basussuka da Babban Banki suna bayyana sakamakon kowane gwanjo ga jama'a. Ɗan kasuwar da ke shirin neman rance a banki zai amfana da duba wannan sakamako kafin ya zauna da manajansa, domin daga adadin da gwamnati ta biya a gwanjon ne manajan zai fara lissafin abin da zai ɗora masa.